Abin da aikin sautin fim ya koya mini a Garwa

Aikin sautin fim a nan Garwa, a arewacin Kamaru, ba a hannun mai sauti yake farawa ba. Wani ne ya ɗauki hoto, wani ya tace shi, wataƙila a Marwa ko Yola ko Kano, sannan a turo maka a ce ka gyara muryoyi, ka sa kiɗa, ka cike wuraren da suka yi shiru. Shi ya sa idan yaro mai koyo ya ce mini, "Yaya, wace manhaja zan sa a kwamfutata?" nakan tambaye shi daga hannun wa aikin zai zo masa, kuma hannun wa zai koma in ya gama. Amsar nan ce take zaɓa masa manhaja.

Pro Tools na kamfanin Avid, wanda ya fito tun 1991, shi ne manyan ɗakunan haɗa sauti na Turai da Amurka suka fi sabawa da shi. Wanda ke fatan aikinsa ya je Faransa a ƙarasa shi, to ya koye shi. Sai dai cikakkensa galibi kuɗin wata ko na shekara ake biya da katin banki, lasisinsa kuma yana ɗaure da iLok, wato tsarin da ke tabbatar da lasisi kafin manhaja ta buɗe, abin da ba kowa ne a cikinmu zai iya ɗauka ba. Nuendo na Steinberg ma an yi shi ne domin fim, shi ma da tsada. Ni Reaper nake riƙe da shi. Lasisinsa na mai ƙaramin aiki dala 60 ne, a sefa bai kai jaka arba'in ba, ana gwada shi kwana 60 kafin a biya, kuma ba ya wahalar da tsohuwar kwamfuta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ruwan dam ɗin Lagdo ya ja baya, wuta tana zuwa tana tafiya, kana aiki da batir kana kallon agogo. Akwai kuma DaVinci Resolve na tace hoto, wanda tun 2017 aka haɗa masa sashen sauti na Fairlight, yana da nau'in kyauta, amma yana son kwamfuta mai ƙarfi. Su kuwa manhajojin sata da ake zuba wa mutane a kasuwa, ba na ba kowa shawarar su: haƙƙin wasu ne, kuma ba ka san ranar da za su tsaya maka da aikin mutane a ciki ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen miƙa aiki. Kowace manhaja tana ajiye aikinta da tsarin da ita kaɗai ke karantawa. Fayil ɗin Premiere Pro, manhajar tace hoto, ba zai buɗu a Reaper ba, na Reaper ba zai buɗu a Pro Tools ba. Domin haka aka ƙirƙiro fayilolin tsakani. Tsohon shi ne OMF, wanda ba ya wuce gigabait 2, wato dogon fim sai an yanka shi kashi-kashi. Na bayansa shi ne AAF, shi ne yau aka fi amfani da shi. Premiere da Resolve suna fitar da shi, Pro Tools da Nuendo suna karɓarsa kai tsaye. Reaper ba ya karɓa da kansa, sai an bi ta wata manhajar juyi kamar AATranslator ko Vordio. Wannan shi ne babban raunin abin da na zaɓa, kuma nakan faɗa wa furodusa tun kafin mu yi ciniki.

Abin da AAF yake ɗaukowa shi ne gutsattsarin sauti, da wurin da kowanne ya zauna, da layin da yake kai, wani lokaci har da yadda aka rage ko aka ƙara ƙarfi. Gyaran da mai tace hoto ya yi da kayan manhajarsa, kamar cire gurnanin janareta ko ƙara amon ɗaki, galibi ba ya ƙetarowa. Na daina jin haushin haka, domin muryar da ba a taɓa ba ta fi mini daɗin aiki. Abin da nake roƙo shi ne a bar mini rara, wato daƙiƙa biyar zuwa goma a gaban kowane yanka da bayansa. Idan jaruma ta gama magana aka datse daidai kan harafin ƙarshe, a cikin rarar nan nake samun numfashinta da shirun ɗakin da zan lulluɓe yankan da shi. In babu rara, kunne zai ji tsalle ko da ido bai ga komai ba.

Yanzu yara da yawa a waya suke tace fim, manhajojin waya kuma ba su san AAF ba. A nan sai mu koma tsohuwar hanya: a fitar da kowane layi daban a matsayin WAV, wato fayil ɗin sauti zalla, dukkansu su fara daga daƙiƙar farko ta fim su ƙare tare, a haɗo da bidiyon da lambar lokaci ke gudu a jikinsa. Rara ta tafi, amma babu manhajar da ba ta buɗe WAV.

Lambobi biyu nake sa a rubuta kafin a kunna kyamara. Na farko 48 kHz, ma'aunin sautin bidiyo. Mawaƙanmu sun saba da 44.1 na faifan CD, kuma idan manhaja ta karanta irin wannan fayil a matsayin 48 ba tare da ta juya shi ba, waƙa takan ƙara sauri da kusan kashi 9 cikin ɗari, murya ta sirance. Na biyu yawan hotuna a daƙiƙa. Talabijin ɗin Kamaru da Chadi da Najeriya a kan 25 suke, silima 24, wayoyi kuma yawanci 30, wanda ma yakan hau ya sauka yayin ɗauka. Tsakanin 24 da 25, minti ɗaya ya isa baki da murya su rabu da daƙiƙa biyu da rabi. Tsakanin 24 da 23.976 da wasu kyamarori ke ɗauka da shi kuwa ba ka lura da wuri, sai fim ya yi awa guda ka tarar da tazarar ta haura daƙiƙa uku. Sau da yawa idan aka ce manhaja ce ta lalata aiki, a ɗayan waɗannan lambobin matsalar take.

Abin da na fi damuwa da shi, kuma nake ganin mu ne muka fi kowa bukatarsa, shi ne raba sauti gida uku yayin miƙa aiki: magana daban, kiɗa daban, sauran ƙarar duniya daban, kamar babura, takun ƙafa, iskar hunturu, hayaniyar kasuwa. A arewacin Kamaru Fulatanci ne harshen kasuwa, Faransanci na makaranta da ofis, a Njamena kuma Larabcin Chadi. Fim ɗin da aka yi da Hausa yau, gobe za a so a ji shi da ɗayan waɗannan. Idan an dama komai a fayil guda, cire muryar Hausa na nufin cire kukan zakara da buɗe ƙofa da kiɗan da ke ƙarƙashinta, sai a sake gina komai daga tushe. Idan an raba, layin magana kawai za a ɗauke a sa sabo. Wani darakta ya taɓa ce mini, "Malam, wannan ƙarin aiki ne, wa zai biya?" Na ce masa, "Ranka ya daɗe, fitar da su bai kai tsawon fim ɗin sau uku ba, ni zan ɗauki nauyinsa." Tun daga nan ba na miƙa aiki sai da waɗannan ukun a WAV mai ingancin 24 bit, kwafi ɗaya a hannun furodusa, ɗaya a rumbuna, da 'yar takarda mai ɗauke da 48 da 25 da sunan manhajar da aka yi aikin da ita.