Mun ba ta kujera, mun riƙe aikin

Lokacin da aka ɗora mini jagorancin masu rubuta manhaja a kamfaninmu, mu tara ne, duk maza, kuma kusan kowa abokinsa ne ya jawo shi. Hanyar ɗaukar ma'aikata na fara taɓawa. A 2018 labari ya fito cewa Amazon ya jingine wata manhajar tace takardun neman aiki, domin ta koyi rage wa mata maki daga takardun shekara goma da aka horar da ita da su, galibinsu na maza. Abin ya tsaya mini a rai, don daga wurin irinmu ta ɗauko halin. Sai muka rufe suna da hoton masu neman aiki, muka ba kowa gwaji iri ɗaya. Haka muka samu wata ƙwararriya da wani matashi mai larurar gani.

A makonsa na farko matashin ya kunna manhajar NVDA, wadda ke karanta masa abin da ke kan allo, ya buɗe manhajarmu. Muryar sai cewa take "maɓalli, maɓalli", ba ta faɗin na mene ne. Ɗakin ya yi tsit. Shekara da shekaru muna alfahari da abin da makaho ba zai iya ko shiga cikinsa ba.

A kan ƙwararriyar kuwa na yi kuskuren da har yau yake damuna. Duk taro ita ke rubuta abin da aka tattauna, ita ke koya wa sababbi aiki, ita ke bin ƙananan kurakuran da kowa ke gudu. Ba wanda ya tilasta mata. In aka yi shiru, ita ake kallo. Da lokacin ƙarin girma ya zo, aka tambaye ni wane babban aiki ta jagoranta, na rasa amsa, alhali ni ke rabon. Ta ce mini, "Shugaba, ka yarda da ni a kan gyara, ba ka taɓa gwada ni a kan gini ba."

Tun daga nan rubutun taro ya koma karɓa-karɓa, har da ni. Manyan ayyuka kuma a fili nake sanar da su, duk wata uku in duba wanda ya samu da wanda aka tsallake. Ta jagoranci sabunta tsarin biyan kuɗinmu, aka ƙara mata girma, amma shekarar da ta rasa ba ta dawo ba.