Daga sandar rogo zuwa tunkiya Dolly

Duk wanda ya taɓa dasa rogo ya san abin nan: ka yanki sanda ka binne, ta tsiro sak uwarta. Wannan bai taɓa damuna ba, illa dai gona mai iri ɗaya, cuta ɗaya ke share ta.

Yin irin wannan kwafi da dabba ne ke tayar mini da hankali. A 1996 masana a cibiyar Roslin ta Sikotilan suka ɗauki ƙwayar halitta daga hantsar tunkiya, suka haɗa da ƙwan da aka kwashe wa kayan gadonsa. Cikin ƙwai 277, Dolly kaɗai aka haifa, sak tunkiyar da aka ɗauki ƙwayarta. A 2018 aka sanar an yi da birai a Sin. Wallahi ban yarda a kawo wannan asara kan cikin 'yar Adam ba.