Inci nawa bututun ruwan datti zai kai?

Yawancin toshewar da ake fama da ita a gidajen Sakkwato, tun ranar binne bututu aka jawo ta. An sayo inci 2 don ya fi araha, an jona komai a kansa, an zuba siminti an rufe.

Aikin da bututu zai yi shi ke nuna girmansa. Kwanon wanke hannu, inci ɗaya da rabi ya ishe shi. Wurin wanka da wurin wanke-wanke, inci 2. Masai na zamani kuwa inci 4 ne, wato milimita 110, tun daga gindinsa har cemba (ƙaramin rami mai murfi inda bututu ke haɗuwa), kuma ba a rage shi a hanya ko da taku ɗaya.

Kada kuma a ɗauka duk wanda ya fi girma ya fi kyau. In aka sa wa masai ɗaya inci 6, ruwan bajewa yake yi a ciki, ba shi da zurfin da zai tura ƙazanta, sai ta kwanta. Inci 6 na babban layi ne, inda masai da yawa suka haɗu, kamar ɗakin kwanan ɗalibai. Gangara ma haka: a ba inci 4 santimita 2 zuwa 2 da rabi a kowace mita, a auna da lebur, ba da ido ba.

Kicin ya fi ko'ina wahalarwa. Manja, kitse, ragowar tuwo da tokar goge tukunya duk nan suke bi, da hunturu kuma kitsen ya daskare ya riƙe sauran. A yi masa ƙaramar cemba mai murfi a waje, a riƙa kwashewa. Wurin alwala na masallaci, inda ake buɗe famfo goma lokaci guda ga yashin ƙafa, inci 4 yake so da ramin tare yashi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake ƙin sa bututun iska, wato wanda ke shigar da iska cikin layin ruwan datti. In babu shi, ruwan da ke sauka yana zuƙe wanda ke kwance a lanƙwasar ƙarƙashin kwano, warin sokawe ya shigo ɗaki. A fitar da bututun iskan sama da rufi. Inda bututu zai sha kwana kuma, gwiwar bututu biyu masu digiri 45 sun fi ɗaya mai 90.

Bututun roba da ke jikin bango a shafa masa fenti, don ranar garin nan tana busar da shi har ya tsage.