Allurar ƙwanji da abin da ta yi mini a mako goma

Mako goma na yi ina allurar Sustanon 250, wato testosterone, sinadarin mazantaka, sau ɗaya a mako, ina haɗawa da ƙwayar Dianabol, ita ma ta ƙara ƙwanji. A wajen ɗaga ƙarfe na saya, ba likita ne ya rubuta mini ba. Jikin namiji lafiyayye yana samar da sinadarin testosterone kimanin miligiram 5 zuwa 7 ne kawai a rana, allura ɗaya kuwa miligiram 250 ke cikinta.

Ƙwanji ya fito, ban musa ba. Sai dai rabin nauyin da na ƙara ruwa ne jiki ya riƙe, shi ya sa fuskata ta kumbura, jinina ya hau. A mako na biyar kan nonona ya fara ciwo, da wani ƙululu a ƙarƙashinsa. Jiki ne ke juya rarar sinadarin zuwa na mata. Idan ƙululun ya yi tauri, ba ya bajewa da motsa jiki, sai tiyata.

Abin da mai sayarwa bai gaya mini ba shi ne maganar maraina. Da ƙwaƙwalwa ta ji sinadarin ya cika jini, sai ta daina ba su umarnin aiki. Sukan ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu, wani ma su ɗauke gaba ɗaya. Ba ka gane wannan sai ka daina. Ni wata huɗu na yi ba sha'awa, ba kuzari, zuciya a ƙuntace. A nan ne samari da yawa ke komawa kan allurar, kuma na fahimci dalilinsu. Wasu sai sun haura shekara kafin ƙwayoyin haihuwarsu su dawo.

Ƙwayar haɗiya ta fi allura cin hanta. Idan ido ya yi ruwan ɗorawa ko fitsari ya yi duhu, a tafi asibiti a ranar. Yaron da bai gama tsawo ba kuwa, maganin na iya rufe masa gaɓoɓin girma da wuri. Haɗa sirinji da aboki hanyar ciwon hanta nau'in B da C ce, da ƙanjamau.

Wanda ya riga ya fara, ya faɗa wa likita sunan maganin da yawansa ba ɓoye-ɓoye. A auna hawan jini, aikin hanta, kitsen jini da kaurin jini, domin allurar na iya sa jini ya yi kauri har ya daskare a jijiya. Mai shirin aure ya ƙara da gwajin maniyyi.