Ƙeyar mai jira

A shekarata ta biyu a sashen zane, malaminmu ya ce kowa ya sassaƙa bege a katako, ya shafa tawada, ya buga a takarda. Kwana uku ina fama. Na fito da budurwa ta yi tagumi, hawaye shaɓe-shaɓe, ga zuciya da kibiya a gefe. Malam ya ɗaga takardar ya ce, "Wannan ai bayan a-daidaita-sahu ya dace da ita." Aji ya kwashe da dariya.

Da aka watse ya nuna mini fastar da Leopoldo Metlicovitz ya zana wa Madama Butterfly, operar Puccini, mai tsara kiɗa ɗan Italiya, da aka fara yi a Milan a 1904. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi da waƙa. Labarin wata yarinya ce a Nagasaki ta ƙasar Japan, shekarunta 15, sojan ruwan Amurka ya aure ta ya tafi, da alkawarin zai dawo idan tsuntsayen nan masu jan ƙirji sun yi sheƙa. Shekara uku tana zuba ido.

Mai zanen bai ba mu hawayenta ba. Ta juya mana baya, tana kallon waje, inda sheƙar take a reshe. Ka san labarin, sai gabanka ya faɗi: tsuntsaye sun cika nasu alkawarin, shi ko ƙurarsa babu. A cikin wasan ma har tambaya take ko tsuntsayen Amurka ba sa saurin yin sheƙa kamar na Japan. Wannan tambayar ta fi kukan ƙarshe ci mini rai, ko da yake masoya opera ba za su yarda ba.

"Ka ga ƙeya ta yi abin da idonka biyu suka kasa," in ji Malam.

Shi aikin katako, inda wuƙa ta ci fari yake fita, ba gyara. Ni kuwa tsoron fili nake, ko'ina sai na cusa abu. A karo na biyu na rarake kusan rabin katakon. Abin da na bari kaɗan ne: ƙofar zaure a buɗe, da kwanon tuwo rufe da faifai, irin wanda Inna ke ajiye wa yayana shekarun da yake Kurmi, ko zai iso cikin dare.

Malam ya daɗe yana dubawa. Sai ya ce tawadar ta yi yawa a gefen hagu, in sake bugawa.