Yadda muka sayar da garmahon Baba da faya-fayansa

Mun gama sayar da kayan garmahon Baba, Allah Ya jiƙansa, kuma tunda mutane suna ta tambayata yadda muka yi, gara kawai in rubuta ko wani mai irin wannan kaya a gida zai amfana. Baba gyaran rediyo da garmaho ya yi a Fagge tun kafin a haife mu, kuma lokacin da kaset ya shigo kowa yana neman rabuwa da garmahonsa, shi kuma sai ya riƙa saye yana ajiyewa, har Hajiya tana masa faɗa wai ya cika mata gida da tarkace. Da ya rasu aka zo rabon gado sai ga ɗaki guda shaƙe, garmaho irin waɗanda ake wanawa da hannu sun kai goma sha biyar, manyan rediyo masu faifai na katako guda uku, faya-fayai kuwa sun haura dubu biyu. Irin wannan kaya ba ya rabuwa kashi-kashi, don haka malamin da ya zo rabo ya ce a sayar a raba kuɗi, ni kuma aka ɗora min aikin saboda ni na fi zaman shago da Baba.

Ko sati ba a yi ba dillali ya kawo wani mutum ya ce zai kwashe ɗakin gaba ɗaya, ya taya kuɗin da wallahi ko babur sabo ba za su saya ba, kuma Yaya Babba har ya fara cewa a sallama a huta. Na ce Yaya don Allah a ba ni lokaci in san me ke ciki tukunna, in ma arhar ce a sayar da sani. Abin da ya sa na tsaya shi ne yadda mutumin ya yi, ko kallon garmahon bai yi ba, kwalayen faifai kawai yake ɗagawa da sauri yana leƙa tambari yana mayarwa, wanda bai san darajar abu ba ai ba haka yake duba shi ba.

Aikin farko shi ne warewa, kuma shi ya fi cin rai. Faifai ba iri ɗaya ba ne. Akwai tsoho mai nauyi mai gudu 78, wato zagaye 78 a minti ɗaya, na shalak ne, wani irin ƙaro, ba roba ba, waƙa ɗaya ta wajen minti uku a kowane gefe, kuma in ya faɗi ƙasa ya tashi aiki kamar farantin tangaran. Sai ƙarami mai gudu 45, sai babba mai gudu 33 da ake cewa LP, su biyun nan na roba ne, ba sa fashewa da wuri amma zafi yana lanƙwasa su, kuma kun san zafin Kano ƙarƙashin kwano. Waɗanda Baba ya jera a tsaye sun tsira, waɗanda aka jibga a kwance a ƙasa na can ƙasan duk sun karkace, gara kuma ta cinye kwalayen wasu. Wajen wankewa kada wanda ya ce maka ka sa sifirit a faifan 78, narkar da shi yake yi, ruwa kaɗan da tsumma mai laushi ya isa kuma kada ruwan ya taɓa takardar tsakiya. Haka kuma kada a ɗora faifan roba a kan garmahon da ake wanawa da hannu, allurarsa ƙarfe ce kuma kan yana da nauyi, zagaye ɗaya ta huɗe shi. Ita kanta allurar ƙarfen gefe ɗaya ake ji da ita a canza, shi ya sa ake sayar da su cikin ɗan gwangwani da yawa.

A garmahon ne 'yan gida suka sha mamaki. Akwai ɗaya mai babban ƙaho na tagulla yana ta ƙyalli, da hoton karen nan na His Master's Voice a jiki, kowa ya sa ran shi ne zai kawo kuɗi. Ni dai na tuna Baba bai taɓa ɗaukarsa da muhimmanci ba. Da na kwance shi na ga dalili, injin cikinsa na ƙaramin garmaho ne aka cusa, hannun wanawar ya shiga a karkace, gwiwar ƙahon kuma walda aka yi mata mai kusurwa maimakon ta lanƙwasa sumul. Irin waɗanda ake harhaɗawa a Indiya ne don ado, suna nan birjik a duniya kuma masu sani ba sa ko tayawa, ƙarshe wani mai gidan abinci ne ya saya ya ajiye a falo. Wanda ya yi kuɗi shi ne wani baƙin akwati da ba wanda ya kalla, HMV, wato His Master's Voice na gaske, samfurin 102 da aka fara yi a 1931 a Ingila. Da na buɗe murfinsa ƙamshin tsohon giris ya bugo ni, na wana shi a hankali ina saurare ko sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke juya injin, zai yi ƙara irin ta wanda man ya daskare, shiru, na sa sabuwar allura na saki birki, sai da Hajiya ta fito daga ɗaki don ƙarar ta cika tsakar gida babu lantarki babu batir. Na ɗauki bidiyonsa yana waƙa, kuma bidiyon nan shi ya sayar da shi, don mai saye daga nesa ba hoto yake so ba, so yake ya ji.

Faya-fayan kuma kowane rukuni da masu sonsa. Akwai na 78 masu lamba GV, waƙoƙin Kuba ne da HMV ya fara fitarwa a 1933 don kasuwar Afirka, akwai na kamfanin Decca masu lamba WA na Afirka ta Yamma, akwai na Indiya da yawa bugun masana'antar Dum Dum ta Kalkata. Amma abin da mutumin farko yake nema ashe LP ne na Najeriya na shekarun 1970, masu tambarin Afrodisia da EMI da Tabansi, su ne 'yan sari ke bi gari-gari suna saye a buhu su kai Turai da Japan su sayar ɗaya-ɗaya. Ƙanena ne ya nuna min Discogs, wani shafin intanet na cinikin faya-fayai, kana sa lambar da ke jikin faifan sai ya fito da tarihin cinikinsa. To a nan a kula, kuɗin da wani ya sa yana nema daban, kuɗin da aka taɓa saye da gaske daban, na biyun shi ne farashi. Kuma mafi yawansu ba su da wata daraja fa, kada mutum ya ga ɗaya ya yi tsada ya ɗauka duk dubu biyun haka suke, 'yan kaɗan ne suka ɗauki nauyin sauran. Duk wanda ke da karce na faɗa wa mai saye tun kafin ya tambaya, dukiyar gado ce bana son haram ta shiga cikinta.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne faya-fayan makaɗan Hausa, na kalangu da kukuma da kotso da taushi, yawanci ƙanana masu gudu 45, wasu ko kwali babu. Na sa lambobinsu a intanet da yawa ba su fito ba sam, wato ba wanda ya taɓa rubuta cewa akwai su. Wannan ya tsorata ni gaskiya, don yana iya yiwuwa wani faifan a cikinsu sauransa kaɗan ne a duniya, in ya bi buhu ya tafi shi kenan jikokin makaɗin ma ba za su ƙara jin muryar kakansu ba. Don haka kafin ko ɗaya ya fita sai da na aro injin faifai na lantarki na haɗa da kwamfuta na naɗe su duka, na ɗauki hoton tambarin kowanne gaba da baya. Wani daga waje ya taya su da kyau, wani malamin jami'a a nan gida mai bincike kan waƙoƙin baka shi ma ya taya amma bai kai ba. Akwai ƙananan yara a cikin magada, ba ni da ikon rage musu haƙƙi don son raina, sai na ce a ba malamin, cikon kuma a cire daga kasona. Kawu ya ce kai dai ɗan babanka ne, aka rubuta aka sa hannu.

Tura kaya ma wani aiki ne. Garmaho sai an cire kan allurar da hannun wanawa an naɗe su daban, faifan 78 kuma kwali tsakanin kowane biyu, a tsaye, a matse yadda ba zai motsa ba, sannan a saka kwalin cikin wani kwalin da soso. Duk da haka kwali ɗaya da muka ba mota zuwa Legas 'yan lodi suka ɗora masa buhu, kusan rabi suka isa a farfashe, dole na mayar wa mai saye kuɗinsu. Daga nan duk mai son 78 na ce ya zo ko ya turo wanda zai rungume kayan a cinya.

Da aka tara lissafi kuɗin ya ninka tayin mutumin farko sau da yawa, an cire la'ada da kuɗin mota an raba. Abin da ya rage yanzu na Indiya ne da ba su samu mai so ba, da injinan garmaho huɗu da suka mutu. 'Yan gwangwan sun zo suna so su auna a kilo na hana, don sifirin da kan allura na asali yanzu ba a samunsu a kasuwa, kuma tuni wanda ya sayi 102 ɗin ya kira yana tambaya ko akwai sifiya.