Kafin ka cike sunan jami'a: abin da ake dubawa wajen zaɓen makarantar likitanci

Duk shekara da JAMB ta buɗe rajista, tambaya guda ke yawo a gidajen da ke da yaro mai son karatun likita: wace jami'a ce ta fi suna? Wanda ya daɗe a harkar koyarwa da asibiti ya san akwai tambayoyin da suka riga wannan. Shin makarantar za ta kai ɗalibi ga lasisin aiki? A shekara nawa? Kuma ranar da ya fito, hannunsa ya saba da jikin mara lafiya ko takarda kawai ya riƙe? Daga ƙarshen tafiyar ake faro lissafi, a dawo baya.

A Najeriya hukumomi biyu ne ke da ta cewa a kan kwas ɗin MBBS, wato digirin likitanci, kuma mutane da yawa guda kawai suka sani. Hukumar kula da jami'o'i, NUC, ita ke amincewa da kwas a matsayin digiri. Amma majalisar likitoci da likitocin haƙori, MDCN, ita ke ba da lasisi, ita ke ziyartar makarantu tana duba malamai da ɗakunan gwaji da asibiti, kuma ita ke yanke wa kowace makaranta adadin ɗaliban da aka yarda ta horar a aji guda. Jami'a na iya nuna maka takardar NUC da gaskiyarta, alhali MDCN ba ta gama sahale mata ba. Majalisar tana wallafa jerin makarantun da ta amince da su a shafinta na intanet, da adadin gurbin kowace. Minti goma ya isa a duba. Biyan kuɗin makaranta kafin wannan dubawar cinikin biri a sama ne.

Amincewar ma hawa-hawa ce. Akwai ta matakin karatun aji da ɗakin gwaji, akwai ta matakin shiga asibiti. Sabuwar makaranta takan sami ta farko, ta ɗebi ɗalibai, tana fatan kafin su kai aji huɗu asibitinta ya cika sharuɗɗa. Idan ya cika, alhamdu lillahi. Idan bai cika ba, ɗaliban sai su tsaya cik, shekara guda ko biyu ko fiye, babu gaba babu baya, wani lokaci a rarraba su zuwa wasu jami'o'in idan an sami mai karɓa. Shi ya sa nake ganin mafi muhimmancin tambayar da za a yi wa sabuwar makaranta ita ce: kun taɓa yaye ɗalibai har MDCN ta rantsar da su? Idan amsar a'a ce, ba lallai makarantar ta zama marar kyau ba, kowace tsohuwa ma da sabunta ta fara. Amma ɗalibin ya sani cewa da shekarunsa ake gwajin.

Adadin gurbin nan kuma ba ado ba ne. Makarantar da aka ba ta ɗari ta ɗebi ɗari biyu da hamsin, matsalar ba ta fitowa a ranar shiga. Tana fitowa ta ɗaya daga hanyoyi biyu. Ko dai a tace ajin da tsanani a ƙarshen shekarar farko, a watsa ragowar zuwa wasu sassa, ko kuma a bar su su wuce, su gama, sannan a tarar majalisa ba za ta rantsar da fiye da adadinta ba, sai su shiga layin jira. A nemi adadin 'yan aji ɗaya da adadin 'yan aji biyu, a ɗora su kusa da adadin da MDCN ta rubuta. Lambobin nan uku sun fi kowace ƙasidar talla faɗin gaskiya.

Sai asibitin koyarwa, wanda a ganina shi ne makarantar kanta. Karatun shekara shida ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB. Shekarar farko kimiyyar share fage ce. Aji biyu da uku na anatomi da fisiyoloji da bayokemistiri ne, a nan ake fiɗar gawa, a rufe da babbar jarrabawar da ke raba masu wucewa da masu tsayawa. Daga aji huɗu rayuwa ke komawa asibiti: ilimin cututtuka da na magunguna, sannan yara, mata da haihuwa, lafiyar al'umma, cututtukan manya da tiyata. Wato rabin karatun ko fiye a bakin gadon mara lafiya ake yinsa. Littafin anatomi iri ɗaya ake karantawa a Zariya da Alƙahira. Abin da ya bambanta shi ne mara lafiya nawa ɗalibi ya zauna da shi ya ɗauki tarihin ciwonsa, ciki nawa ya taɓa, jijiyar yaro nawa ya nema ya sa allurar ƙarin ruwa, haihuwa nawa ya karɓa.

A nan tsofaffin asibitocin gwamnati ke da fifikon da gini mai sheƙi ba ya sayowa. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri da na Jos, duk wuraren da ake turo masu ciwon da ya gagari ƙananan asibitoci ne. Ɗalibin da ya yi dare guda a sashen gaggawa na yara a tsakiyar damina zai ga maleriya mai tsanani, da yaron da jininsa ya ƙare, da mai tamowa, da mai sikila cikin ciwo, duk kafin asuba. A ɗakin haihuwa zai ga mai jijjiga, da doguwar naƙuda, da zubar jini bayan haihuwa. Waɗannan su ne za su same shi ranar da aka tura shi babban asibitin wata ƙaramar hukuma, inda wataƙila shi kaɗai ne likita a daren.

Amma yawan marasa lafiya shi kaɗai bai isa ba, dole a raba shi da yawan ɗalibai. Idan mutum talatin suka kewaye gado guda a zagayen safe, na gaba biyar ne ke ganin hannun malami, na baya ƙeyar 'yan uwansu suke kallo. A tambaya: ɗalibai nawa ke bin ƙwararren likita guda? Mutum nawa ke kan gawa guda a ɗakin fiɗa? Akwai likitoci masu neman ƙwarewa a asibitin? Wannan ta ƙarshe ana raina ta, alhali su ne ke koyar da ɗalibi da ƙarfe biyun dare, lokacin da babban malami yana gida. A duba kuma nisan asibiti da ɗakin kwanan ɗalibai. Wanda sai ya hau mota biyu kafin ya isa ba zai riƙa tsayawa aikin dare ba, musamman ɗaliba mace, kuma iyaye suna da haƙƙin su je su ga ɗakin da idonsu.

Batun samun gurbin kansa lissafi ne da ake yi da sanyin kai. Darussan JAMB na likitanci huɗu ne, Turanci da fiziks da kemistiri da bayoloji, maki 400 gaba ɗaya. A sakamakon sakandare ana son kiredit a waɗannan huɗun da lissafi, kuma makarantu da dama suna son su a zama guda. Wanda ya haɗa WAEC da NECO ya karanta sharaɗin jami'ar tun kafin ya zaɓe ta. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a masu ƙarancin ci gaban ilimi. Saboda haka maki guda na iya shigar da ɗalibi a wata jami'a ya bar shi a waje a wata. Jami'ar jiha kuwa 'yan jiharta take fifitawa. Kuma a kwas mai cunkoso irin wannan, jami'ar da ka sa a zaɓi na biyu da wuya ta waiwaye ka. Idan sakamako ya fito ƙasa da abin da jami'ar ta saba ɗauka, JAMB tana ba da damar canza jami'a, a yi amfani da ita da wuri. Akwai kuma hanyar shiga aji biyu kai tsaye da sakamakon karatun share fagen jami'a na IJMB ko JUPEB, ko da digiri na farko, sai dai gurabenta kaɗan ne ƙwarai.

Akwai wata magana da ta cuci yara da yawa: "Karɓi anatomi ko fisiyoloji tukuna, in ka yi ƙoƙari a aji ɗaya sai a mayar da kai likitanci." Wasu jami'o'in suna da wannan ƙofa, ƙunƙuntacciya, ta mutum ƙalilan. Wasu sun rufe ta gaba ɗaya. Idan ba a rubuce take a dokokin jami'ar ba, kada a gina shekaru a kan alƙawarin baki. Kwasa-kwasan nan suna da darajarsu ga mai son su, amma ba sa ba da lasisin duba mara lafiya. A nemi kuma dokar faɗuwa jarrabawa. Makin cin jarrabawa a likitanci hamsin ne cikin ɗari, kuma kowace makaranta tana da ƙa'idar sau nawa ake sake zama, yaushe ake maimaita aji, yaushe ake sallamar mutum.

Shekara shida a takarda take. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibin likita yana da ƙarin nasa, domin idan likitocin asibiti suka tafi yajin aiki, karatun bakin gado ya tsaya ko da jami'a a buɗe take. Wannan ne ke kai iyaye jami'o'in kuɗi, kuma dalilin nasu mai ƙarfi ne. Sai dai a yi lissafin kuɗin shekara shida cif, a ƙara da tashin da zai yi, domin kuɗin makaranta ba ya tsayawa inda aka same shi. Yaron da kuɗi ya yanke masa a aji huɗu yana cikin mawuyacin hali, saboda komawa wata makarantar likitanci a tsakiyar karatu abu ne mai wuyar gaske, gurabensu a ƙidaye suke. Lamunin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, da aka fara a 2024 na ɗaliban makarantun gwamnati ne. Tallafin jiha kuma a karanta takardarsa da kyau, sau da yawa akwai sharaɗin yi wa jihar aiki na wasu shekaru, kuma a tambayi waɗanda ke kai yanzu ko kuɗin yana zuwa a kan lokaci.

Karatu a waje shi ne inda aka fi yin asara mai nauyi, shi ne kuma inda dillalai suka fi zaƙin baki. 'Yan Arewa da yawa sun yi likitanci a Sudan da Masar da Indiya da gabashin Turai, cikinsu akwai likitoci nagari da ke aiki a asibitocinmu yau. Amma duk wanda ya karanto a waje sai ya ci jarrabawar tantancewa ta MDCN kafin ya taɓa mara lafiya a Najeriya, kuma tana da ɓangaren gwajin aiki da hannu. Masu faɗuwa galibi ba daƙiƙai ba ne. Sun yi karatu ne a inda lacca take da Turanci amma marasa lafiya da wani harshe suke magana, ko inda ba a barin baƙon ɗalibi ya taɓa majiyyaci, ko inda maleriya da sanƙarau da zazzaɓin Lassa sai a shafin littafi. Wanda zai tafi Masar ko Sudan ya koyi Larabcin kasuwa, na littafi kaɗai ba zai fahimtar da shi tsohuwar da ke kwatanta ciwon cikinta ba. Kowane dogon hutu kuma ya dawo ya nemi izinin bin likitoci a wani asibitin gida.

Kafin a biya ko sisi, a tabbatar sunan makarantar yana cikin kundin makarantun likitanci na duniya da ke intanet, hukumar likitocin ƙasar ta amince da ita, kuma MDCN tana karɓar takardarta. A yi lissafin kuɗin da dala, domin wanda ya tura ɗa kafin faɗuwar naira a 2023 ya ga yadda nauyin ya ninka a hannunsa ba tare da makaranta ta ƙara komai ba. Sai zaman lafiyar ƙasar. Yaƙin Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022, na Sudan a Afrilun 2023, ɗalibai suka dawo gida wasu ko takardar sakamakon shekarun da suka yi ba su riƙo ba, kuma MDCN ba ta karɓar horon asibiti da aka yi ta intanet. Duk ɗalibin da ke waje ya riƙa karɓar sakamakonsa mai hatimi a ƙarshen kowace shekara, ya ajiye kwafi a gida.

Bayan kammalawa kowa hanya guda zai bi: lasisin wucin gadi, shekara guda ta sanin makamar aiki, wata uku-uku a sashen manya da tiyata da yara da mata, sannan bautar ƙasa, sannan jarrabawar shiga ƙwarewa ta kwalejin likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Mai niyyar aiki a Ingila zai zauna jarrabawar PLAB, mai niyyar Amurka ta USMLE. A waɗannan jarrabawowin sunan jami'a ba ya ƙara maki ko ɗaya, in dai amintacciya ce.

Waɗanda za su ba da amsar gaskiya a kan duk wannan 'yan aji biyar da shida ne, su da waɗanda suka gama bara. A sami biyu ko uku daga kowace makarantar da ake tunani, a tambaye su daban-daban: a wace shekara kuka shiga, mutum nawa kuka fara, nawa kuka rage, haihuwa nawa ka karɓa da hannunka, kuma wata nawa 'yan gabanku suka jira tsakanin jarrabawar ƙarshe da rantsuwa.